Wandon Baba Tela

Bari in faɗi labarin tun kafin zumuɗi ya sa in fara daga tsakiya: kakana ya yi ƙiba. Ba ƙibar a zo a gani ba ce, har yanzu iska mai ƙarfi za ta iya yi masa rakiya zuwa bakin titi. Amma wandonsa ya matse shi, kuma a gidanmu wannan ya isa a ɗauki waya a kira dangi ɗaya bayan ɗaya. Don ku gane abin da ya sa mace mai 'ya'ya kamar ni take rawar ƙafa a kan wandon tsoho, sai kun fara sanin tsohon.

Baba Tela ake ce masa a layinmu, har 'ya'yan cikinsa haka suke kiransa. Ni ce jikarsa ta fari. Idan ina son wani abu a hannunsa in ce Kaka, idan ina neman tsokana in ce angona, shi kuma ya ce min uwargida, ya ƙara da cewa bai taɓa ganin matar da ta kai ni faɗa ba. Ban musa ba, don a wurinsa na gada.

Da ɗinkin maɓalli ya fara a shagon maigidansa tun ƙafarsa ba ta kai ga takun keken ɗinki ba. Da ya samu 'yanci ya kama shago kusa da inda motocin haya ke tsayawa, mai gyaran agogo a damansa, mai gyaran takalma a hagunsa, kuma a nan ya tsufa. Tef ɗin awo yana rataye a wuyansa kullum, amma ado ne kawai. Da mutum ya sako ƙafa cikin shago Kaka ya gama auna shi. An ce ido ba mudu ba, ya san kima. To nasa idon har mudun ma ya fi. Yakan dubi wanda ya saba yi wa ɗinki ya ce, wuyan rigarka ya yi maka yawa, ka je ka ga likita. Wasu su ji haushi, wasu su je, kuma sau da yawa su dawo suna yi masa godiya.

Mu ma a gida mun koyi wannan kallon. Ba ma tambayar mutum ko ya rame, kayansa muke duba. Idan kafaɗar riga ta sauko, ko ƙugun wando ya tattare a ƙarƙashin bel, to akwai magana. Goggona, ƙanwar babanmu, ta taɓa gano ciwon sukarin mijinta ta haka, kuma har yau ba ta bar kowa ya manta ba.

Yana da wata doka a sana'arsa da yaran shago suka tsana. Idan aka kawo masa kaya ragi, ba ya yanke rarar yadin. Sai ya ninke ta ciki, ya ɗinke, ya danne da dutsen guga har ta kwanta lumui. Aikin ya fi cin lokaci, yara su yi ta gunaguni cewa almakashi zai gama komai nan take. Shi kuwa ya ce jikin mutum baƙo ne, yau ya tafi gobe ya dawo, kuma telan da ya yanke rara ya yanke wa mai kaya hukunci.

Sai kuma cin abincinsa, wanda ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba sai da ya kusa kai shi ƙasa. Da rana ta take, Iya, matarsa, takan aiko da kular abinci. Mai agogo ya shigo da tasa, mai takalma ya shigo yana goge hannu a gwiwa. A ture yadi gefe, a shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin yanka, a buɗe komai a haɗe. Daga nan sai musu. Ƙwallo, labaran rediyo, wane direba ne ya fi ganganci, duk abin da ya samu. Kaka yana magana yana kai loma, bai san ma nawa ya ci ba, sai dai a ga kula ta koma gida wayam. Haka ya yi tun yana saurayi har furfura ta gama cinye kansa.

Da Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta, gwiwarsa ma ta fara ba shi wahala, kuma tsallaka titin nan na gaban shago ya zama abin fargaba. Babanmu da ƙaninsa, Baffa, suka zauna suka yanke shawara irin ta 'ya'yan kirki: tsoho ya sha wahala, lokaci ya yi da zai huta. Aka rufe shago. Aka ba shi ɗaki mafi kyau a gidan babanmu, da fanka, da talabijin, da banɗakinsa a ciki. Keken ɗinkinsa kaɗai ya ce ba za a raba su ba, aka ajiye masa a lungu aka rufe da zane. Mamanmu takan jera abinci a faranti ta kai masa da kanta, ta ja masa ƙofa don girmamawa, ta kori yara kada su dame shi. Kwanuka su dawo a share tas, kowa ya ce madalla.

Ni ina zuwa duk ƙarshen mako, kuma ina duba shi da irin kallon gidanmu. Riga zaune daram a kafaɗa, wando daidai ƙugu, guga kamar za shi ɗaurin aure. Fuskarsa ta ɗan faɗa, amma muka ce tsufa ne da kewar Iya. Ya rage surutu, muka ce hutu ne ya karɓe shi. Wanda ya yi kumatu a wannan lokacin shi ne mai gadin layinmu, wanda kullum da rana yakan tsaya a tagar Kaka su gaisa. Har tsokanarsa na yi, na ce ko ya yi sabon aure ne ba mu ji ba, ya yi dariya ya sunkuyar da kai.

Tari ne ya fara, ɗan ƙaramin tari irin wanda yara ke yi su warke ba a ko sayi magani ba. Shi sai ya zauna masa a ƙirji. Zazzaɓi ya biyo baya. Wata safiya ya tashi zai shiga banɗaki ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, mamanmu ta ji faɗuwarsa daga kicin. Kafin in iso an riga an kai shi asibiti, an ba shi gado a ɗakin maza, an rataya masa ƙarin ruwa.

A nan na fara ganinsa ba cikin ɗinkinsa ba. Rigar asibiti suka saka masa, mai igiya a baya, wadda ba ta san kowa ba kuma ba ta rufa wa kowa asiri. Hannun da na sani yana juya kan keke da yatsa ɗaya ya koma ƙashi da fata. Ƙashin wuyansa ya fito har za a iya zuba ruwa a ramin. Na tsaya a ƙofa na kasa ƙarasawa, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Likitar, wata mata doguwa marar son kewaye-kewaye, ta tara mu a baranda. Ta ce ciwon huhu ne kuma suna da maganinsa, amma ba shi ne ya fi damunta ba. Sun ɗora shi a sikeli, sun auna damtsensa, sun duba jininsa, kuma abin da suka gani shi ne tsohon nan ya daɗe ba ya samun abincin da jikinsa ke buƙata. Goggo ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta. Yunwa, a gidan yayanta, inda ko almuru baƙo ya zo sai ya ci ya bari? Ta fara lissafa abin da ake dafawa, likita ta bar ta ta kai aya sannan ta ce ita ba ta tambayi abin da ake dafawa ba, abin da ke shiga cikinsa take magana.

Ta yi mana bayani a hankali. Tsoho idan ya rage ci, ba kitse kaɗai ke tafiya ba, naman da ke riƙe ƙafa da ƙirji ne ke zagwanyewa, kuma ƙarfin da jiki ke yaƙar cuta da shi yana bin bayansa. Shi ya sa tarin da ba zai kayar da jikansa ba ya kayar da shi, shi ya sa ƙujewar da ya yi a gwiwa ranar da ya faɗi za ta daɗe ba ta warke ba. Ta ce irinsa suna da yawa a gadajen nan, kuma mafi yawansu daga gidajen da ake ƙaunarsu suke.

"Zan iya warkar da huhun in sallame shi," in ji ta. "Amma idan ya koma gida yana ci kamar yadda yake ci, zai dawo min. Kuma duk dawowa sai ta fi ta baya wuyar tashi."

Mamanmu ta fashe da kuka tana rantsuwa kwanuka a share suke dawowa. Ni kuwa kumatun mai gadi ne suka faɗo min a rai, kuma da a ce yana kusa a lokacin da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Daga baya da na tsare shi ya ce Baba ne ke miƙo masa abincin ta taga, ya ce masa sadaka ce kuma kada ya faɗa wa kowa, shi kuwa wane ne shi da zai ƙi sadakar dattijo. Na buɗe baki zan yi faɗa na rasa ta inda zan kama shi.

Aka aike ni gida in ɗauko masa kayan sawa. Na ciro wandonsa mai ruwan toka, wanda ya fi so, na juya shi ciki waje zan goge. A bayan ƙugu na ga ɗinki, layi a bayan layi, kowanne ya fi na gabansa shigewa ciki, kowanne da ɗan bambancin zare. Rarar yadin tana nan a ninke, an danne ta da guga ta kwanta. Na ciro wani wandon, haka. Riguna, an ɗage kafaɗa, an matsar da maɓallin wuya. Na yaye zanen da ke kan keke na shafa, babu ko ƙura, mai ma sabo ne a jikinsa. Ashe duk lokacin da muka ja masa ƙofa don ya ci abinci a natse, shi ragi yake zaune yana yi. Mutumin da ya koya mana duba kaya ya san sarai inda za mu duba.

Na naɗe wandon na koma asibiti da shi a hammata, raina a ɓace, hawaye na zuba. Na shimfiɗa masa shi a kan bargo ta wajen ɗinkin. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce wa ya ba ni izinin shiga kayan miji. Na ce yau ba wasa na zo ba. Ya shafa layukan da ɗan yatsa, sannan ya ce tela ba ya yawo wando na zamewa, abin kunya ne ga sana'a.

Na ce ba wandon nake tambaya ba, abincin nake tambaya.

"Uwargida, ban iya ba ne," ya ce. "Ban taɓa ci ni kaɗai ba. Sai a ajiye min faranti a ja ƙofa, in zauna ina jin ƙarar taunata. Loma ta tsaya min a nan." Ya nuna maƙogwaronsa.

Sauran sai da na yi ta jan sa kamar zare daga ƙulli. Haƙoran robarsa sun yi masa yawa tun da ya fara ramewa, suna goge masa dasashi, nama ya zama azaba. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Shayi da ɗan burodi kaɗai ke wucewa ba gardama, sai ya riƙe su safe da yamma. Ya ƙi faɗa don kada surukarsa ta ce girkinta ya raina, kada kuma 'ya'yansa su ga kamar bai gode da ɗakin ba.

Daga asibitin ban zarce gida ba. Na nufi tsohon layin shagonsu. Mai takalma yana nan a inda na san shi, da ƙusa a baki. Mai agogo ya bar wa ɗansa shago amma yana zuwa kullum ya zauna ya hana yaron sakat. Da na faɗa musu, mai agogo ya cire gilashin idonsa ya ce su ai sun ɗauka Tela ya zama babban mutum ne, mai fanka da talabijin, shi ya sa suka ja jiki. Mai takalma kuwa ya tofar da ƙusar ya fara rufe shago.

Lokacin ziyara suka shigo ɗakin maza da kulolinsu kamar masu zuwa biki. Mai agogo ko gaisuwa bai gama ba ya ce wa Kaka ya ji an ce ya mutu, ya zo ya ga ko zai gaji keken. Kaka ya ce mutumin da bai taɓa gyara agogo ya yi mako yana tafiya ba, me zai yi da keke. Aka jawo ɗan teburin gefen gado, aka shimfiɗa jarida. Nas ta zo za ta yi magana, ta ga abin da ke faruwa, ta ja labule ta bar su. Na tsaya a bayan labulen ina leƙe. Musu ya kaure a kan wani tsohon wasan ƙwallo da aka yi tun ba a haife ni ba, kuma a tsakiyar musun na ga hannun Kaka ya miƙa ya ɗauki cokali. Dafaffen ƙwai ne da wake mai laushi. Ya kai baki yana cewa ƙarya ne, ba a yi bugun fanareti a wasan nan ba, ya sake kaiwa. Na toshe bakina da gyale don kada ihuna ya tsayar da shi.

Ba a rana ɗaya ya tashi ba, kada in yi muku ƙarya. Akwai ranakun da ya ture kwano, akwai ranar da zazzaɓi ya dawo muka koma zaman jigum. Amma ya fita daga asibitin da ƙafarsa, yana dafe da kafaɗata yana cewa in rage sauri, ba gudun tsere muka zo ba. Wata ma'aikaciya mai kula da abincin marasa lafiya ta zaunar da mamanmu ta ce a daina tara masa tuli guda yana ba shi tsoro, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, kifi, ƙwai, wake, madara, ganye, nama a dafa shi ya yi lugub. Likitan haƙori ya gyara masa haƙoran. Mamanmu, wadda ta fi kowa jin ciwon abin, ita ta fara cewa a daina ja masa ƙofa yana ci shi kaɗai.

Babanmu ya fitar da motarsa daga gareji ya bar ta a rana, abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Aka share wurin, aka kawo keke, aka nemo tsohon teburin yanka daga inda aka jingine shi. Ƙofar garejin tana kallon titi. Yanzu da rana ta take za ka ga mai agogo ya sauko daga motar haya da kularsa, mai takalma na biye, yara sun dawo daga makaranta sun kewaye teburin suna sa hannu a kwanon kowa. Mai gadi ma yana da kujerarsa, sai dai yanzu da nasa kwanon yake zuwa, kuma kumatun sun ɗan sauka. Maƙwabta sun fara kawo ƙananan gyare-gyare, zif da kalmasa, Kaka yana yi yana mita cewa an hana shi hutawa.

Duk wata nakan raka shi a ɗora shi a sikeli. Allurar tana motsawa kamar mai ciwon ƙafa, amma gaba take yi. Likitar nan doguwa ta gan mu a baranda ran nan ta ce ba ta son sake ganinsa, ya ce shi ma haka, ba don ba ta da kyau ba.

To shekaranjiya ina wurin aiki waya ta yi ƙara. Kaka ne, wanda bai taɓa kiran kowa da kansa ba. Ya ce in zo yanzu-yanzu, kuma in biya in ɗauko Goggo. Muka iso a guje muka tarar da gareji cike, babanmu, Baffa, mamanmu da ludayi a hannu, abokansa biyu, yara. Shi kuma yana zaune a gaban keke da zane ɗaure a ƙugu, wandon nan mai ruwan toka a kan cinyarsa, reza a hannu. Ya ce tun safe yake fama maɓalli ya ƙi shiga, kuma tun da a ɓoye ya yi ragin, a gaban jama'a zai farke.

Ya sa bakin reza a layin da ya fi shigewa ciki. Zaren ya riƙa ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, yadin da ya daɗe a ninke ya buɗe, launinsa ya fi na sauran wandon duhu don bai taɓa ganin rana ba. Goggo ta rangaɗa guɗa har mai shagon tsallake ya leƙo. Mai agogo ya ce saura layuka nawa, Kaka ya ce ya sa ido ya gani, duk sai ya farke su kafin agogon da ya gyara masa bara ya yi daidai. Ni dai ina ta dariya ina share ido, na rasa wanda zan runguma.

Da hayaniya ta lafa aka koma kan abinci, na matsa kusa da shi ina tsince masa guntayen zare daga cinya. Na ce Allah ya so mu da dokar nan tasa, da ya yanke rarar da yanzu sai sabon wando. Bai yi dariya ba. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"A ragin ƙarshe na ɗauki almakashi," ya ce. "Na buɗe shi a kan yadin, na daɗe a haka. Na ce wannan jikin ba mai dawowa ba ne."

Na bar tsintar zaren na dube shi, ya ci gaba.

"Sai na tuna ban taɓa yi wa kowa haka ba, ko wanda na ga alamar ba zai kai baɗi ba. Na ce to ba zan fara da kaina ba."

Ya ninke wandon ya ajiye a kan keke, ya jawo kujerarsa zuwa teburin, ya ce wa mai takalma ya matsa da hannunsa daga kan kifin nan, ba shi kaɗai aka dafa wa ba.